Kafintan da Ba Ya Sa wa Matattu Ƙarfe

Tun da aka kafa rumfa a ƙofar gidanmu a Nasarawa, magana ɗaya ce ke yawo a bakin masu zuwa gaisuwa. Wai wannan ba makoki ba ne, biki ne. Matan zumunta suka zo da tulunan kiɗansu da caki, suka cika kujerun roba, shugabarsu ta kama hannuna ta ce, "Mama, kada mu ga hawaye fa. Baba ya ci shekarunsa, ya ga jikoki, ya ga 'ya'yan jikoki. Wa ke samun irin wannan a Kadunan yau?" Na ce mata na gode. Fasto ya zo ya ce Baba ya huta, ya riga mu isa gida. Na ce masa amin. 'Yan tsofaffin sojojin da suka rage su ma sun zo, ɗayansu ya ƙame a gaban hoton zai sara masa, hannun ya kasa kaiwa goshi, sai ya koma ya zauna yana ta tari. Jikoki kuwa sun buga hotonsa a riguna, suna yawo da kakansu a ƙirji, suna rabon shinkafa da ruwan leda.

Mutum ɗaya ne bai ce mini biki ba ne. Alhajin da ya yi shekara da shekaru yana sayar wa mai gidana katako, tun kafin rikici ya raba garin nan, shi ya koma Tudun Wada. Bai ji labari ba sai bayan an binne. Ya hau keke napep ya ƙetaro gada, ido ya tafi, sai da aka riƙo masa sanda har gabana. Ya zauna. Can ya ce, "Uwargida, a me aka sa shi?"

Na gaya masa. Ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska.

Duk taron nan shi kaɗai ya yi tambayar da ta dace, kuma saboda tambayar nan na ce a rubuta wannan. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma ba a taɓa kayar da ni a magana ba. 'Yata wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya ita ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. Riguna masu hoto za su koɗe, a yi tsumman goge keke da su. Ina so a samu wuri ɗaya da aka faɗi ko wane ne mutumin.

Unguwa na ce masa Baba Saje. Ni kuwa ban taɓa kama sunansa ba, Dogo nake ce masa, shi ya ce mini Gajeruwa. Duk ƙofar da ba shi ya yi ta ba, sai ya sunkuya yake shiga. Masu nemana a ƙauyenmu ba kaɗan ba ne, har da malamin makaranta mai keke sabo. Na ce wancan mai ɗingishin nake so, wanda ba ya magana, don gida ɗaya ba ya ɗaukar masu baki biyu.

Yaƙin basasa ya tafi yana saurayi, ya dawo da guntun ƙarfe a cinyarsa ta hagu. Likitocin soja sun ce cire shi ya fi barinsa haɗari. Baƙona yake ce masa. In ruwa zai sauko, kafin kowa ya ɗaga kai sama shi ya sani. Sai ka ji ya ce, "Gajeruwa, kwashe shanyarki, baƙona ya motsa." Ba ya ba da labarin yaƙi. In yara suka ce, "Baba, mutum nawa ka harbe?" sai ya miƙa musu tsintsiya ya ce su share masa garin katako. Da Kirsimeti, in 'yan unguwa suka fara fasa abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, sai ya shige shago ya kama zarto, ya yi ta yankan katakon da ba ya bukatar yanka har su gaji.

A gida ba ya duka, ba ya tsawa. In yaro ya yi laifi, sai ya zaunar da shi kusa da shi ya ba shi katako ya riƙe, ya riƙe, ba a ce masa komai ba, har yaron ya fara kuka ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Duk ɗan da aka haifa a gidan nan, da jika, ranar da ya fara zama sai ya tarar da 'yar kujerarsa. Waƙa kuwa bai iya ba ko kaɗan, amma ba ya fashin ta. In ya buɗe murya a coci kamar ana jan benci a siminti. Na sha taka masa ƙafa. Sai ya sunkuyo ya ce, "Ba ke nake yi wa ba."

Aikin kafinta a bariki ya fara koyonsa, da aka sallame shi ya kafa shago a jikin katangar gidanmu. Benci nawa ne a cocinmu da ba hannunsa ba? Ƙofofi, tagogi, gadaje, kujerun 'yan makaranta, duk yana yi, yana kuma buga musu ƙusa kamar kowane kafinta. Amma akwatin gawa, a'a. Ko ƙusa ɗaya ba ya sa masa, ba hannun ƙarfe, ba ƙarfen ado. Sai ya huda katakon, ya samo icen ƙirya ya fere shi ƙanana-ƙanana kamar ɗan yatsa, ya riƙa cusawa a ramukan yana bugawa da gudumar itace, har katako ya kama ɗan'uwansa kamar tare suka tsiro. Wurin ɗauka ma igiya yake sawa. Aikin da wani zai gama kafin tuwo ya nuna, shi sai ya wuni a kai.

Masu gawa sukan yi ƙorafi. Wani dattijon coci ya taɓa tsayawa a kansa ya ce, "Saje, wanda ya mutu ina ruwansa da ƙusa? Wannan tsafi ne ko me?"

Dogo bai ɗago kai ba. Ya ce, "Dattijo, ba tsafi ba ne. Na ga yadda ƙarfe ke shiga jikin 'ya'yan mutane. Waɗansu ma ni na sa musu. Ba zan raka kowa kabari da shi ba."

Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa a kan yaƙi ke nan, duk zaman da muka yi.

Wata shekara da damina, wata baƙuwa mai gasa masara a bakin titi ta rasa jaririnta. Ba 'yar cocinmu ba ce, ba yarenmu ba, mijin ma ya gudu ya bar ta. Ta zo da yaron naɗe a zani tana tambaya ko muna da kwali. Ranar kuwa ko guntun katako babu a shagon. Dogo ya shigo ɗaki, ya sauke kwanonina daga kan teburin cin abincinmu, ya ɗora shi a ka. Na bi shi ina cewa, "Dogo, teburin aurena ne fa!" Ya ce, "Kina da cinya, ki ɗora kwano a kai." Mun daɗe muna cin tuwo a tabarma, kuma ban yafe masa da wuri ba, ni ba na ɓoye fushi. Amma matar nan har ta tsufa, duk fitowar sabuwar masara sai ta aiko mana. Da aka ce ba kuka a rumfar nan, ita ce ta ƙi ji.

Faɗanmu mafi girma kuwa a kan kabad ne. Ni mace ce mai son zani. Doya da dawa na yi ta sayarwa a kasuwa, abin da ya rage bayan cikin yara a atamfa yake ƙarewa. In na kafa gwaggwaro ranar Lahadi, ta bayana sai ta leƙa ta gefe kafin ta ga fasto. Shekara da shekaru ina roƙonsa ya yi mini kabad, a ce matar kafinta guda tana tara zannuwa a kwali. Kullum sai ya ce, "Ana nan ana shiri."

Rannan ina tsaye ina daka, sai na ji ya zo ta bayana da tef ɗinsa. Ya auna ni daga tsakiyar kai zuwa diddige, ya auna kafaɗa. Na ce a raina, to, yau Allah ya taɓa zuciyar mutumin nan, so yake kabad ɗin ya zo daidai hannuna. Har na je na yi wa matan zumunta albishir. Ya sayo maɗaci mai kyau wajen Alhaji, ya rufe shago yana aiki, ba ya bari in leƙa. Ranar da ya gama ya kira ni yana murmushi, abin da bai cika yi ba. Na shiga, sai ga akwatunan gawa biyu a jere, dogo da gajere, sai sheƙi suke.

Ya ce, "Ga nawa, ga naki. Yanzu duk ranar da aka kira mu, ba mai buga mana ƙarfe."

Na ce, "Dogo, kabad na roƙe ka."

Ya ce, "Wannan ya fi kabad daɗewa."

Na ɗaura zani na tafi gidan wana a Makera. Na ce ba zan zauna gida ɗaya da mutumin da ya auna ni da raina ba. Wana ya yi dariya har ya ƙware. Da Dogo ya zo biko bai zo da goro ko turmin zani ba, tef ɗin ya zo da shi. Ya tsuguna a gaban wana ya ja shi ya ce, "Yaya, duba ka gani ko na cuce ta. Ga tsawonta nan. Ga tsawon akwatin. Taki guda cur na ƙara mata ta wajen kai."

Wana ya ce, "To ƙarin na mene ne?"

Ya ce, "Na gwaggwaro. Ka san ƙanwarka, ko gaban Ubangiji za ta sai ta kafa ɗauri."

Ina bayan labule ina ji. Na so in ci gaba da fushi, dariya ta ci amanata.

Na dawo, amma don in ƙular da shi sai na sa aka shigo da nawa ɗakina, na jera zannuwana a ciki, na zuba kafur. Na ce tunda ya fi kabad, to ya yi aikin kabad. Nasa kuwa ya ɗaure shi a saman shago. Da fari mata ba sa yarda su zauna a ɗakina. Daga baya har baƙi ake kawowa su gani. Ni kuwa in buɗe musu, in ce su shafa su ji ko allura babu a jikinsa, in nuna musu 'yar jakar da ya zuba ƙiryar rufe murfi, kowane rami da tasa. Duk Kirsimeti sai na shafe shi da man kaɗe.

Bari in faɗa a fili, babu abin da na mallaka a duniya da na so kamarsa. Benci na coci ne, ƙofa ta mai gini ce, gado namu ne mu biyu da duk yaron da zazzaɓi ya kama. Wannan kaɗai ya yi don ni, a kan awona. Tun daga lokacin ban ƙara jin tsoron mutuwa ba. Har lokacin rikici, da hayaƙi ya rufe unguwa muna kwance a ƙasa muna addu'a, ban ji ba. Na san duk ranar da aka kwantar da ni, hannun Dogo ne zai kewaye ni ta kowane gefe.

A cikin 'ya'yanmu, na farin ne kaɗai ya gaji zarto. Tsawon na ubansa, shirun na ubansa, har yadda yake maƙale fensir a kunne. Sauran boko suka bi, ban kuma ce sun yi laifi ba. Shi muka sa rai zai rufe mu. Ya riga ya fara furfura, 'ya'yansa sun tasa, ranar da ya ɗauki ƙofofin da suka yi zai kai wa wani mai gini can gaba da Gonin Gora. Masu bindiga suka tare hanya. Direban ya faɗa daji ya tsira. Shi kuwa aka kawo mana shi a bayan motar, kwance a kan ƙofofin.

Dogo bai yi kuka ba. Ya buɗe rigar ya duba inda ƙarfen ya shiga, ya mayar ya rufe. Ya sa tsani ya hau da ɗingishinsa ya kwanto akwatinsa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ko gyara ba a yi ba, yaron ya shiga cif. Dogo da kansa ya buga ƙiryar murfin ɗaya bayan ɗaya. Da ya buga ta ƙarshe ya dawo gida ya rataye gudumar a bango, bai sake taɓa ta ba.

Na bar shi ya huce. Da shekara ta zagayo na ce, "Dogo, ga ragowar maɗaci can, ka yi wani mana."

Ya ce, "Na yi nawa, an shiga."

Na ce, "To kai fa?"

Ya ce, "Mutum akwati ɗaya gare shi, Gajeruwa."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na turo fasto, na aika wa Alhaji. Ko zarto bai ƙara ɗauka ba. Masu cewa ya ci shekarunsa su zo in gaya musu, tun ranar nan shekarun ne suka riƙa cin sa.

Ya koma zama a benci ƙofar shago yana kallon keke napep suna wucewa. Daga baya ƙafa ta ƙi, ya koma gado. Ƙauyenmu da ya so a kai shi kusa da ubansa, yanzu ko mai rai ba ya kwana a can, shi da kansa ya daina maganar. Ni na yi jinyarsa. Ina da 'ya ma'aikaciyar jinya, amma ban bar wa kowa wankansa ba. Baya ya lanƙwashe, gwiwoyi suka ƙi miƙewa sosai, nama ya zube. Mutumin da ke ɗaukar gungume shi kaɗai, na wayi gari ina juya shi da hannu ɗaya. Wata rana da tsakar rana ina shafa masa mai a cinyar nan, sai ya danne hannuna a kan tabon ya ce, "Wannan da na zo da shi, da shi zan tafi, ba yadda na iya. Kada ki bari a ƙara mini."

Na ce, "Wa zai ƙara maka ina raye?"

Da baki irin nawa na faɗa, ban tsaya tunanin da me zan cika ba.

Da safe ya cika, ina dama masa kunu. Aka kai shi ɗakin ajiye gawa na asibiti, 'ya'ya suka taru suna shiri.

Ɗanmu na biyu ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Barnawa, yanzu shi ne babba. Yaron kirki ne, kada wanda ya karanta wannan ya zage shi. Shi ya riƙe mu da magani da abinci duk shekarun nan. Don ya girmama ubansa ya je ya sayo akwatin da ya fi kowanne kyau a shagon masu sayarwa, aka sauke shi a tsakar gida. Fari fat, dogo, da hannayen ƙarfe masu ruwan zinariya, da gicciyen ƙarfe a murfi, cikinsa an shimfiɗa farin yadi mai santsi kamar gadon amarya. Maƙwabta suka shigo suna yabawa. Na sa hannu ƙarƙashin yadin na shafa. Kawunan ƙusa ne a jere kamar haƙoran kada.

Na ce, "Ba za a sa shi a wannan ba."

Ya ce, "Haba Mama. Kasket ne fa, irin wanda ake sa manyan mutane. Baba ya cancanta."

Na ce, "Ba a gabanka ubanka ya tsufa yana ferar ƙirya ba?"

Ya ce, "Na sani, Mama, wallahi ban manta ba. Na zaga Nasarawa, na je Kakuri, har Tudun Wada na aika. Duk kafintan da na gaya wa sai ya yi dariya, wai su gam da ƙusa suka sani. Ɗaya ya ce zai gwada in za mu jira shi, bai ma san yaushe zai gama ba. Ga shi an sa rana, an gaya wa mutanen Abuja da na Jos. Ya kike so in yi?"

Matarsa ta durƙusa ta ce, "Mama, sori, amma Baba yana wurin Yesu yanzu. Ƙusa ba za ta bi shi can ba."

Na ce, "'Yata, na san inda yake. Ni ce ban san inda zan sa fuskata ba."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Tun a tsakar gida na san amsar, tun kafin ɗana ya rufe baki. A duk Kaduna akwati ɗaya ya rage wanda ba ƙarfe a jikinsa, ga shi nan a gefen gadona. Kuma ban so ba. Na zauna a kansa na yi ta yi wa Dogo faɗa kamar yana ji. Na ce, kai ka ba da naka, ba ka shawarce ni ba. Na roƙe ka ka yi wani, ka ƙi. Teburina ka ɗauka na haƙura, kabad ka hana ni na haƙura, yanzu kuma ɗan abin da ya rage mini? Bai amsa ba, daman can ba mai amsawa ba ne. Na shiga neman hujja. Na ce ai gajere ne, ba zai shiga ba. Amma ni na yi masa wanka duk shekarun nan, hannuna ya fi tef sanin awonsa.

Da la'asar na ɗaga murfi na fara kwashe zannuwa. Na aure, na baftismar yara, na ranar da aka binne ɗana. Na kira ɗana na biyu na ce ya kawo maza su ɗauka.

Ya ce, "Mama, naki ne fa."

Na ce, "Na fi ka sani."

Ya ce, "Baba dogo ne, ba zai shiga ba. Kada mu je mu ji kunya a gaban mutane."

Na ce, "Yaushe rabonka da ka ɗaga shi?"

Ya sunkuyar da kai ya fita ya kira maza.

Na bi su har asibitin, an ce in jira a waje na ƙi. An sa masa farar rigarsa ta coci. Suka ɗaga shi kamar damin kara, suka kwantar. Tafin ƙafarsa ya taɓa katakon ƙarshe. Kafaɗun nan da suka ɗauki bindiga, suka ɗauki maɗaci, suka shige awon kafaɗata har da saura. Kansa kuwa ya kwanta daidai a takin nan da ya bar wa gwaggwarona. Da bai yi ƙarin nan ba, da bai shiga ba.

A nan na yi kukan da matan zumunta suka hana ni. Ba akwatin na yi wa ba. Dogo ne ya shiga akwatin Gajeruwa, shi na yi wa.

A maƙabarta, bayan fasto ya gama, aka miƙa wa ɗana gudumar itacen da aka sauko da ita daga bango. Hannun biro ne da shi. Bugun farko ya karya ƙiryar, na biyu ma haka. Ya dube ni a tsorace, don na sha gaya musu kowane rami da tasa, ba rara. Ya zazzage jakar a tafin hannu, sai ga su tuli, sun fi ramukan yawa nesa ba kusa ba. Na karɓi ɗaya na duba. Sababbin sun fi haske, ferewar kuma ta karkace, irin ta hannun da ke rawa. Ban san yaushe ya yi su ba. Ashe bayan ya rataye guduma, bayan ya binne wanda zai rufe mu, ya zauna da 'yar wuƙarsa ya fere mini ƙari ya zuba a jakata bai gaya mini ba, don ya san wanda zai buga ba kafinta ba ne.

Ɗana ya buga har murfi ya kama. Aka saukar da shi da igiya.

Abin da na gaya wa Alhaji ke nan, a gajarce. Da ya share fuska ya ce, "Uwargida, ke fa?" Na ce, "Alhaji, sha ruwanka."

Farin akwatin, mai shagon ya ce ba a mayar da akwatin gawa, ba a taɓa yi ba. Yana nan a shagon Dogo an lulluɓe shi da leda. Kowa a gidan nan ya san wa yake jira, ba mai faɗa. Surukata ta ce in zuba zannuwana a ciki kada ɓera ya ci su. Na ce a bar su a buhu. Jiya na je na ɗaga ledar na dube shi. Don dogon mutum aka yi shi. In an sa ni, sai an cusa tsumma ta kai da ta ƙafa, kada in riƙa gwaruwa a hanya. Ba wanda ya auna ni. Na tsaya a wurin, sai na ji abin da rabona da shi tun ranar da na dawo daga Makera. Tsoro na ji, ni.

Ragowar ƙiryar na karɓe su daga hannun ɗana a bakin kabari, suna nan ƙulle a bakin zanina. Ba su da ramin shiga kuma, ba mai huda musu. Rubuta wannan da kyau, 'yata, don ku kuke da aikin. In ranar ta zo, ku kafa mini ɗaurina, ku sa mini su a hannu, sannan ku buga ƙusoshinku.

Shi dai ba a ƙara masa ba.